Wane Birni Ya Dace da Manyan Wasannin Duniya? Bayani Daga Ilmin Halittu

Gabatarwa

Ranar 13 ga watan Oktoba na shekarar 1968 aka yi tseren mita 10,000 na wasannin Olamfik a Birnin Meksiko. Daga cikin waɗanda suka shiga akwai wani mutumin Ostireliya mai suna Ron Clarke, wanda a lokacin babu wanda ya taɓa kamo shi a wannan zango a duk faɗin duniya, domin ya taɓa gama shi cikin minti 27 da daƙiƙa 39. Amma a wannan rana na shida ya zo, kuma yana tsallake layin ƙarshe ya yanke jiki ya faɗi sumamme, sai da likita ya sa masa iskar oksijin kafin ya farfaɗo. Wanda ya ci tseren, wato Naftali Temu na ƙasar Kenya, minti 29 da daƙiƙa 27 ya yi.

Kwana biyar bayan haka, a wannan fili dai, wani Ba'amurke mai suna Bob Beamon ya yi dogon tsalle na mita 8.90. Kafin wannan rana babu wanda ya taɓa wuce mita 8.35, ke nan ya ƙara santimita 55 a tashi ɗaya, kuma sai a 1991 aka sami wanda ya fi shi.

To, me ya sa birni ɗaya, cikin mako ɗaya, ya kayar da wani gwani ya kuma ɗaga wani? Wannan maƙala za ta yi ƙoƙarin amsa wannan tambaya. Sanin kowa ne cewa idan za a ba wani birni izinin ɗaukar nauyin babbar gasa akan dubi filayen wasa, da masaukin baƙi, da hanyoyi, da tsaro, da ƙarfin aljihun gwamnati. Duk waɗannan abubuwa ne da kuɗi ke samarwa cikin 'yan shekaru. Akwai kuma wasu da birni ya gada daga wurin da yake zaune, wato tudunsa, da zafinsa, da laimar iskarsa, kana ga tsabtar iska da ruwa da irin cututtukan da ke yawo a cikinsa. Waɗannan su ne suke taɓa jikin ɗan wasa kai tsaye, kuma su ne za mu bi ɗaya bayan ɗaya.

Tudu da iskar shaƙa

Birnin Meksiko yana zaune ne a kan tudu mai tsayin kimanin mita 2,240 daga doron teku. Don mai karatu ya kwatanta, Legas a bakin teku take, Kano ba ta kai mita 500 ba, Jos kuwa da muke ganin tudunta wajen mita 1,200 ce.

Ɗalibai da yawa sukan ɗauka cewa a kan tudu kason oksijin da ke cikin iska ne yake raguwa. Wannan kuskure ne. Ko a Legas ko a ƙolin dutse, oksijin kashi 21 cikin ɗari ne na iska. Abin da ke raguwa shi ne nauyin iskar, wato ƙarfin dannawarta. A bakin teku nauyin iska yakan ɗaga ruwan zaiba milimita 760 a cikin ma'auni, a Birnin Meksiko kuwa kimanin milimita 580 kawai. Ma'ana, iskar ta fi sakwarkwacewa, kuma kowane numfashi da mutum ya ja yana ɗauke da oksijin da ya gaza na bakin teku da kusan kashi ɗaya cikin huɗu. Tun da yake wannan dannawa ce ke tura oksijin daga huhu zuwa cikin jini, idan ta yi rauni sinadarin hemogulobin da ke cikin jajayen ƙwayoyin jini ba ya samun cikakken kaya, musamman a lokacin da jiki ke aiki mai tsanani.

A nan ne bambancin Clarke da Beamon yake. Tsoka tana samun ƙarfi ta hanyoyi biyu. Aikin da bai wuce 'yan daƙiƙoƙi ba, kamar tsalle ko gudun mita 100, tana yin sa ne da ajiyar ƙarfin da ke cikinta ba tare da ta jira oksijin ba. Aikin da ya wuce minti biyu ko uku kuwa ya dogara ne a kan oksijin da jini ke kawowa a kai a kai don ƙona sukari da kitse. Saboda haka mai gajeren zango ba ya asarar komai a kan tudu, har riba yake ci, domin iskar da zai keta ba ta da kauri. Shi ya sa a 1968 aka kafa sabon tarihi a tseren maza na mita 100 da 200 da 400. Mai dogon zango kuwa wahala yake sha. A Tokiyo, a 1964, Abebe Bikila na Habasha ya ci gudun fanfalaki cikin awa 2 da minti 12. A Meksiko ɗan ƙasarsu Mamo Wolde ne ya ci, amma cikin awa 2 da minti 20.

Jiki yana da dabarun sabawa da tudu. Da farko numfashi da bugun zuciya sukan ƙaru. Daga nan ƙoda takan lura da ƙarancin oksijin, sai ta saki wani sinadari mai suna eritiropoyetin, wanda ke umartar ɓargo ya ƙara ƙera jajayen ƙwayoyin jini. Amma wannan aiki na makonni ne. Wanda aka haifa a tsaunukan Kenya ko Habasha ya zo da shirinsa tun daga gida, baƙo kuwa sai ya nemi mako biyu zuwa uku ko fiye, kuma duk da haka da wuya ya kamo ɗan gida. Wannan ya sa batun tudu ya zama batun adalci.

Babu inda aka fi jin wannan gardama kamar a ƙwallon ƙafa ta Kudancin Amurka. Filin wasa na birnin La Paz na ƙasar Bolibiya ya haura mita 3,600. A can ne a 1993 Bolibiya ta ci Birazil biyu ba ko ɗaya, wanda shi ne karo na farko da aka taɓa doke Birazil a wasan neman shiga gasar cin kofin duniya. A 2007 hukumar FIFA ta hana yin wasannin ƙasa da ƙasa a wuraren da suka wuce mita 2,500. Mutanen Bolibiya, har da shugabansu Evo Morales, suka ce ba za ta saɓu ba, domin a nan aka haife su, kuma babu wanda ya hana wasa a garuruwa masu tsananin zafi ko sanyi. A 2008 aka dakatar da dokar, kuma a 2009 Bolibiya ta lallasa Ajantina da ci shida da ɗaya a wannan fili.

Akwai wani abu game da tudu da ya shafe mu musamman. Kusan mutum ɗaya cikin huɗu a Nijeriya yana ɗauke da rukunin jini na AS, wato ya gaji ƙwayar halittar sikila daga ɓangare ɗaya. Irin waɗannan mutane lafiyarsu ƙalau, kuma da yawa daga cikinsu gwanayen wasa ne. Amma idan ƙarancin oksijin ya haɗu da aiki mai tsanani da ƙishirwa, jajayen ƙwayoyin jininsu suna iya lanƙwashewa su toshe ƙananan hanyoyin jini, musamman a saifa. Saboda haka ya wajaba duk tawagar da za ta je wasa a birni mai tudu ta san rukunin jinin 'yan wasanta tun kafin ta tashi.

Zafi da laima

Tudu yana rage wa ɗan wasa sauri, zafi kuwa yana iya raba shi da ransa. Dalili shi ne, tsoka inji ce mai ɓarnar makamashi. Daga cikin ƙarfin da take samu daga abinci, kashi 20 zuwa 25 cikin ɗari ne kawai yake zama motsi, sauran duk zafi yake zama. Zafin cikin jikin mutum kuwa digiri 37 ne a ma'aunin santigireti, kuma idan ya haura 40 ƙwaƙwalwa da hanta da ƙoda suna shiga haɗari.

Bari mu yi ɗan lissafi na ƙiyasi, wanda malami zai iya yi da ɗalibansa a kan allo. Mai gudu yakan ƙona kimanin kilokalori ɗaya a kan kowane kilogiram na nauyinsa a kowace kilomita. Mutum mai nauyin kilogiram 60 da ya yi gudun fanfalaki, wato kilomita 42 da mita 195, zai ƙona wajen kilokalori 2,500, kuma kusan 2,000 daga ciki zafi ne. Kilokalori 50 kuwa sun isa su ɗaga zafin jikin wannan mutum da digiri ɗaya. Ke nan da a ce jiki ba shi da hanyar fitar da zafi, da kafin ya cika kilomita huɗu ya wuce digiri 40.

Babbar hanyar da jiki ke bi ita ce gumi. Amma fitowar gumi kaɗai ba ta sanyaya jiki, sai ya bushe ya bi iska. Kowace lita ɗaya ta gumi da ta bushe a kan fata takan tafi da kimanin kilokalori 580, saboda haka mai gudunmu yana bukatar wajen lita uku da rabi su bushe a jikinsa kafin ya kai ƙarshe. Gumin da ya tsiyaye ya ɗiga ƙasa asara ce kawai ta ruwa da gishiri.

Duk wanda ya girma a gidan da ake ajiye ruwa a randa ya san wannan ka'ida, ko da bai san sunanta ba. Randar ƙasa tana tsatsafar da ruwa ta jikinta, ruwan ya bushe, na ciki ya yi sanyi. Da rani, lokacin da iska take a bushe, ruwan randa har haƙori yake kamawa. Da damina kuwa, lokacin da iska ta cika da laima, jikin randar yakan zauna a jiƙe, ruwan kuma ba ya yin sanyi sosai. Jikin ɗan wasa tamkar randa yake. Don haka digiri 32 a gari mai laima yana iya fin digiri 38 a gari busasshe haɗari ga mai gudu.

Bugu da ƙari, a cikin zafi zuciya tana raba jini gida biyu: wani ga tsoka don aiki, wani ga fata don fitar da zafi. Gumi kuma yana rage ruwan jinin. Sai bugun zuciya ya yi ta ƙaruwa alhali saurin mai gudu yana raguwa. Wannan ne ya sa gudun fanfalaki ya fi kyau a yanayi mai sanyi, wajen digiri 10 zuwa 15, kuma shi ya sa aka yi ta kafa tarihi a birnin Barlin na Jamus a watan Satumba, inda Eliud Kipchoge na Kenya ya yi awa 2 da minti 1 da daƙiƙa 9 a 2022.

A kwatanta wannan da abin da ya faru a Doha, babban birnin Katar, a gasar guje-guje da tsalle-tsalle ta duniya ta 2019. An sa wa babban filin wasa na'urorin sanyaya iska, amma gudun fanfalaki a kan titi ake yin sa, titi kuwa ba ya sanyayuwa. Masu shirya gasar suka mayar da tseren mata tsakar dare don guje wa rana. Duk da haka zafi ya kai wajen digiri 32, laima kuma ta haura kashi 70 cikin ɗari, domin birnin a bakin teku yake. Mata 68 suka fara, 40 suka gama. Wadda ta ci, Ruth Chepngetich ta Kenya, awa 2 da minti 32 ta yi. An kauce wa rana, amma laima ba ta kwana.

Saboda irin wannan ne masana ba sa dogara ga ma'aunin zafi na yau da kullum idan za su auna haɗarin wuri. Sukan haɗa ma'auni uku: ɗaya an naɗe kansa da jiƙaƙƙen ƙyalle don ya nuna yadda ruwa ke bushewa, ɗaya an sa shi cikin baƙar ƙwallon ƙarfe don ya nuna ƙunar rana, ɗaya kuma busasshe a inuwa. A wajen haɗa lissafin, jiƙaƙƙen ake ba kashi 70 cikin ɗari, baƙar ƙwallo 20, busasshe 10. Wannan rabo kaɗai ya isa ya nuna matsayin laima. Da irin wannan awo aka fara tsayar da wasa don 'yan ƙwallo su sha ruwa su huce a gasar cin kofin duniya ta 2014 a Birazil.

Wata da sa'a

Zafi yana da wani sauƙi da tudu ba shi da shi: yana bin lokaci. Birnin da bai dace ba a wani wata yana iya dacewa a wani. Tokiyo ta karɓi wasannin Olamfik sau biyu. A 1964 an yi su ne a watan Oktoba, bayan zafi ya wuce. Na biyun, waɗanda aka yi a 2021, an sa su a ƙarshen Yuli da farkon Agusta, lokacin da birnin ya fi zafi da laima. Bayan abin da aka gani a Doha, kwamitin Olamfik na duniya ya ɗauke gudun fanfalaki daga Tokiyo ya kai shi Sapporo, kimanin kilomita 800 arewa. Can ma zafin bai ƙyale su ba, domin cikin maza 106 da suka fara, 76 ne suka gama.

Mai karatu zai iya tambaya, me ya hana a koma Oktoba? Amsar ba ta cikin ilmin halittu. Babban kason kuɗin da ake samu a irin waɗannan wasanni daga gidajen talabijin yake fitowa, su kuwa sun fi son watannin Yuli da Agusta, lokacin da manyan gasannin cikin gida na Turai da wasu na Amurka suke hutu. Haka aka yi a gasar cin kofin duniya ta 1994 a Amurka, wadda ita ce ta farko da Nijeriya ta halarta: an buga wasanni da dama da tsakar rana a garuruwa masu zafi irin su Olando, don su dace da lokacin da Turawa ke zaune gaban talabijin da yamma.

Wani lokaci kuma yanayi yakan fi ƙarfin kuɗi. An ba Katar gasar cin kofin duniya ta 2022 tun a 2010, bisa tunanin za a yi ta a Yuni da Yuli kamar yadda aka saba, alhali a waɗannan watanni zafin Doha yakan wuce digiri 40. A ƙarshe dole aka mayar da ita 20 ga Nuwamba zuwa 18 ga Disamba, ƙungiyoyin Turai suka tsayar da wasanninsu a tsakiyar kaka.

Jiki yana sabawa da zafi kamar yadda yake sabawa da tudu, kuma ya fi sauri. Cikin kwana 10 zuwa 14 na motsa jiki a wuri mai zafi, ruwan jini yakan ƙaru, gumi ya riƙa fitowa da wuri kuma da yawa, gishirin da ke cikinsa ya ragu. Matsala takan taso idan gasa ɗaya ta haɗa birane masu yanayi daban-daban. Gasar cin kofin duniya ta 2026 an raba ta tsakanin birane 16 a Amurka da Kanada da Meksiko, daga Bankuba mai sanyi zuwa Mayami mai laima zuwa Birnin Meksiko mai tudu. Tawagar da jadawali ya yi ta yawo da ita tsakanin irin waɗannan wurare ba ta da isasshen lokacin sabawa da ko ɗaya.

Tsabtar iska da ruwa

Mutum a zaune yakan shaƙi iska lita 6 zuwa 8 a minti ɗaya. Ɗan wasa a tsakiyar tsere yakan shaƙi fiye da lita 100, kuma ta baki, ba ta hanci ba, alhali hanci ne ke tace ƙura. Saboda haka dattin iskar da mai kallo bai damu da shi ba, ɗan wasa ninkinsa goma ko fiye yake zuƙa. Abubuwa biyu aka fi tsoro. Na farko ƙananan ɓurɓushin hayaƙi da ƙura waɗanda ido ba ya gani, masu kutsawa har can cikin huhu. Na biyu iskar ozon, wadda ke samuwa idan rana ta bugi hayaƙin motoci, kuma tana tsuke hanyoyin numfashi, musamman ga masu ciwon asma.

Kafin wasannin Olamfik na 2008 a Bejin, Haile Gebrselassie na Habasha, wanda shi ne ke riƙe da tarihin duniya a gudun fanfalaki a lokacin kuma yana fama da asma, ya janye daga wannan tsere saboda tsoron iskar birnin. Hukumomin Sin suka rufe masana'antu da yawa na ɗan lokaci, suka kuma raba motoci gida biyu bisa lambobinsu, rabi su fita yau rabi gobe. Iskar ta yi sauƙi a lokacin wasannin. Wannan ya nuna cewa dattin iska aikin ɗan Adam ne, kuma yana gyaruwa idan an so.

Haka batun ruwa yake. A 1923 aka hana iyo a kogin Sen da ya ratsa birnin Faris. Don wasannin 2024 an kashe kimanin Yuro biliyan 1.4 wajen tsabtace shi. Amma tsofaffin magudanan birnin suna haɗa ruwan sama da na bayan gida, idan aka yi ruwa mai yawa sai su yi ambaliya cikin kogi. Ruwan sama ya sauka ranar buɗe wasannin, awo ya nuna ƙwayoyin E. coli sun yi yawa, dole aka ɗage gasar maza mai haɗa iyo da tseren keke da gudu da kwana ɗaya. Ita wannan ƙwaya a hanjin mutum da dabba take zama, don haka ganinta a ruwa shaida ce cewa najasa ta shiga.

Cututtuka

Babbar gasa tana tara dubban mutane daga ƙasashe daban-daban a wuri ɗaya, kana ta watsa su su koma gida. Ga ƙwayar cuta babu hanya mafi sauƙi da ta wuce wannan. Mu a Nijeriya mun ɗanɗana abin. An ba ƙasar nan gasar matasa ta duniya ta 1995, amma ana dab da farawa FIFA ta ɗauke ta zuwa Katar bisa dalilin ɓarkewar sanƙarau. Mutane da yawa sun ji haushi, wasu ma sun ga akwai siyasa a ciki. Ko ma mene ne, sanƙarau cuta ce ta rani a yankinmu, domin busasshiyar iska da ƙura suna raunana fatar cikin hanci da maƙogwaro, cunkoso kuma yana yaɗa ƙwayar, kuma a 1996 an yi mummunar annobarsa a arewacin ƙasar nan. Sai a 1999 Nijeriya ta karɓi gasar. Haka nan Maroko ta rasa gasar cin kofin Afirka ta 2015 bayan ta nemi a ɗage ta saboda tsoron cutar Ibola, kuma annobar korona ta sa an jinkirta wasannin Tokiyo da shekara guda, aka kuma yi yawancinsu ba 'yan kallo. Rigakafi, da tsabtar ruwan sha, da asibitoci, da ma'aikatan da ke sa ido a kan ɓullar cuta, duk suna cikin shirin birni kamar yadda filin wasa yake ciki.

Ina matsayin biranenmu?

Idan muka ɗora biranenmu a kan wannan sikeli za mu ga cewa babu wanda tudu ya hana. Abin dubawa shi ne wata. Kano da Kaduna da Bauchi sun karɓi gasar 1999 a watan Afrilu, tsakiyar bazara, lokacin da zafin Kano yakan kai digiri 40. Sun sake karɓar gasar 'yan ƙasa da shekara 17 a 2009, amma wannan karo daga ƙarshen Oktoba zuwa tsakiyar Nuwamba, bayan damina ta ɗauke kuma kafin hazon hunturu ya yi ƙarfi. Ta fuskar lafiyar jiki lokaci na biyu ya fi dacewa nesa ba kusa ba. Yamai ma a watan Disamba ta karɓi wasannin ƙasashe masu magana da Faransanci a 2005. Biranen arewa suna da busasshiyar iska da sanyin safiya a hunturu, amma suna da ƙura. Legas da Kalaba ba su kai su zafi a ma'auni ba, amma laimarsu ba ta sauka duk shekara. Kowanne da ribarsa, kowanne da asararsa.

Kammalawa

Daga abin da ya gabata za mu fahimci cewa babu birnin da ya dace da kowane wasa a kowane lokaci. Tambayar da ta kamata a yi ita ce: wane wasa, a wane wata, da ƙarfe nawa, kuma kwana nawa aka ba baƙi su saba? Dattin iska da na ruwa da cuta ana maganinsu da aiki da kuɗi. Zafi ana kauce masa da zaɓen lokaci. Tudu kuwa sai dai a ba jiki makonnin da yake bukata. A lura kuma cewa da yake zafin duniya yana ƙaruwa, biranen da za su iya karɓar gasa a Yuli da Agusta ba tare da haɗari ba raguwa suke yi.

Wannan darasi bai tsaya ga manyan birane ba. Makarantunmu suna shirya wasannin guje-guje kowace shekara, wani lokaci a tsakiyar bazara da rana tsaka, don a dace da zuwan babban baƙo. Ka'idar da ta kayar da gwanaye a Doha ita ce take aiki a jikin yaro ɗan aji uku. Ya kamata a sa dogon gudu da sassafe ko da la'asar sakaliya, a tanadi ruwa da inuwa, a kuma ba yara kamar mako biyu suna atisaye kafin ranar. Idan aka ga yaro yana tangaɗi, ko yana sambatu, ko bai san inda yake ba, a tsayar da shi nan take, a kai shi inuwa, a yi ta kwara masa ruwan sanyi ana yi masa fifita, kana a garzaya da shi asibiti. Sanyaya jiki ake fara yi kafin tafiya.

A ƙarshe ga wani gwaji mai sauƙi ga ɗalibai. A sami ma'aunin zafi guda biyu, a naɗe kan ɗaya da jiƙaƙƙen ƙyallen auduga, a rataye su a inuwa inda iska ke kaɗawa. A riƙa rubuta abin da kowanne ya nuna da ƙarfe bakwai na safe, da biyu na rana, da biyar na yamma, sau ɗaya a mako har shekara ta zagayo. Idan tazarar da ke tsakanin ma'aunan biyu tana da yawa, gumi zai bushe da sauri. Idan kuwa sun kusa haɗuwa kuma dukkansu suna sama, wannan rana ba ta dogon gudu ba ce. Ajin da ya yi wannan aiki zai iya gaya wa shugaban makaranta watan da ya fi dacewa da wasannin shekara, kuma da hujja a hannu.